Ko Ƙwayar Sukari Bai Sha Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya jarrabe mu da ciwo, ya kuma kawo mana sauƙi. Na rubuta wannan ne saboda matan da ke jinyar mai ciwon suga, musamman irina, masu ganin sun san zaƙi ciki da waje. Kusan wata biyu na yi ina ba mijina abin da ke cutar da shi, da hannuna, har ina alfahari da hakan a unguwa. Ba mugunta ba ce. Kalma ɗaya aka faɗa mini a asibiti, ni kuma na riƙe ta yadda na fahimta.

Maigidana tela ne a kasuwar Mubi. Ba na kama sunansa, Malam nake ce masa. Yana da keke, amma aikin hannu aka san shi da shi, wuyan riga da aljihu, irin wanda ya koya wurin mahaifinsa da ya zo garin nan daga Gusau. Da allura muke ci muke sha, idonsa kuma shi ne jarinmu gaba ɗaya. Ni kuwa zoɓo nake yi da kunun aya da lemon citta, ina ɗurawa a robobi, 'yan kasuwa suna aikowa su saya.

Malam mutum ne mai jiki. Yana zama tun safe har la'asar, ba abin da ke tayar da shi sai salla. Nakan tsokane shi in ce yadin mutum biyu yake cinyewa shi kaɗai, shi kuma ya shafa teɓarsa ya ce alama ce ta ana kula da shi a gida. Gaskiya ina jin daɗin wannan amsar. In zafi ya yi zafi, lemon kwalba uku ko huɗu yake sha a shago, ban da zoɓona, ban da shayin safe mai cokali huɗu.

A bazarar bara abin ya fara. Ƙishirwa ce ta fara zuwa, irin wadda ruwa ba ya kashewa. Sai yawan kama buta, har maƙwabcinsa na shago ya fara yi masa ba'a. Na lura tururuwa na taruwa a makewayi, na zuba toka na manta da su. Abin da ya tayar mana da hankali ƙarami ne. Wata safiya yana zaune a zaure inda haske ya fi yawa, ya kira ni.

"Maman Ummi, zo ki zura mini zaren nan. Kafar allurar ta toshe."

Na karɓa na duba. Kafa ba ta toshe ba. Na zura zaren a karo ɗaya na miƙa masa. Washegari ma haka. Daga ranar nan kullum da safe nake zura masa allura goma, kowace da launin zaren da ya faɗa, in soke su a ɗan guntun soso ya tafi da su shago. Mun yi mako biyu a haka kafin ya yarda mu je asibiti, shi ma sai da na ce zan faɗa wa yayarsa.

Mun isa da hantsi, muka tarar layin kati ya fito har gindin darbejiya. Sai bayan azahar muka ga likita. Saurayi ne ɗan kudu da ya zo bautar ƙasa, Hausarsa ba ta wuce sannu ba, don haka aka kira wani ma'aikaci ya yi mana tafinta. Aka soki yatsan Malam, likita ya dubi na'ura ya girgiza kai. Ya yi magana mai tsawo, yana ƙirga abubuwa da yatsu, har yana kwatanta kwalba da kwali da hannu. Turancina na sakandare ne, kuma da sauri yake magana, ban tsinci komai ba sai kalmar suga da take ta dawowa. Da ya gama, tafinta ya juyo ya ce:

"Ya ce ciwon suga ne. A sha magani safe da yamma. Ban da sukari. Ku dawo bayan wata biyu."

Har yau ina jin haushin wannan fassarar. Mutum ya yi maganar minti biyar, a mayar mini da ita numfashi ɗaya. Amma in zan yi adalci, tafintan nan shi ke kiran layi, shi ke ɗauko kati, ga mutane sun cika baranda suna jira, kuma ba aikinsa ba ne. Likitan ma ya yi nasa, don ya rubuta wani abu a takarda ya ba ni. Rubutun likita ne, kamar kaza ta bi ta kan yashi. Na ninke na sa a durowa ƙarƙashin hulunan Malam.

Mako na farko na yi aikin da nake ganin ba macen da za ta fi ni. Gwangwanin sukarin gida na kulle shi a ɗakin da nake haɗa kayan sayarwa. Na taka da ƙafata har wurin mai shagon da ke kusa da na Malam, na ce in ya sake sayar masa da lemon kwalba, ni da shi ne. Malam ya koma shan shayi ba komai, yana yamutsa fuska yana kallona kamar ni na ɗora masa ciwon. Amma ƙishirwar ta fara raguwa, butar ma ta samu hutu.

A mako na biyu Yaya Asabe ta zo dubiya. Ita ce babbar yayarsa, ita ta goye shi, har gobe kuma kallon yaro take yi masa. Ta kurɓi shayinsa ta ajiye kofin da sauri.

"Wannan ai horo ne, ba jinya ba. Me likitan ya ce?"

"Ya ce ban da sukari, Yaya."

"To, sukari ya ce. Ya ce ban da zuma? Zuma da kowa ya san waraka ce? Ke da kike sana'ar zaƙi, a ce ɗan'uwana yana shan ruwan ɗaci a gidanki?"

Kada in ɗora mata laifin duka, maganar ta yi mini daɗi, don ni ma tausayinsa nake ji. Sunan ciwon ma ya goyi bayanmu: ciwon sukari aka ce, ba a ce ciwon zuma ba.

Akwai wani dattijo, Baba Ishaya, da ke kawo zuma daga Gella ranar kasuwa. Na same shi na ce ta mara lafiya nake so. Ya ce, "Mama, wannan na dutse ne, ba haɗi. In ka samu ruwa a ciki, kawo mini abuna." Na gwada da ashana, na ɗiga a ruwa na ga ta zauna a ƙasa ba ta narke ba. Zuma ce ta gaske, dattijon bai cuce ni ba ko kaɗan. Tsadarta ta fi ta maganin da aka rubuta mana, na biya ban yi ciniki sosai ba, don a ganina magani na biyu nake saya.

Daga nan basirata ta motsa. Na haɗa zoɓo da zuma da ruwan abarba. Na markaɗa kunun aya da dabino mai yawa har ya yi kauri. Kokon safe na sa masa mazarƙwaila, tunda Yaya ta ce ita ta gargajiya ce, daga rake take, ba ta bi ta injin Bature ba. Masu zuwa dubiya suna kawo lemon kwali, wasu an rubuta a jikinsu cewa ba a ƙara sukari ba, wannan kam na iya karantawa, sai in jera masa a firij. Wani abokinsa ya kawo katan na baƙin lemon nan da ake cewa yana ƙara jini. Na sayi babban fulas mai cin lita biyu, kullum in cika shi ya tafi da shi tare da allurai. Da can ina yi masa faɗa in ya sha kwalba huɗu. Yanzu kuwa in ya dawo da saura a fulas sai in ce, "Malam, ba ka shanye maganinka ba."

Kowace Juma'a da safe, kafin ya karya, muna zuwa kemis a soki yatsa. Lambar ta sauko ƙasa da ta ranar farko. Na riƙa ba matan unguwa labari a gidan suna da gidan biki. Kafin wata ya cika na fara sayar da zoɓon zumar, robobi masu jan murfi, na sa masa suna zoɓon masu suga. Mutum biyar suka zama masu saye na kullum. Ina rubuta wannan ina jin kunya.

A mako na biyar na ga Malam yana farke ƙugun wandonsa yana ƙara masa faɗi. Na yi dariya na ce jiki ya dawo. Sai ya fara cewa yana jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ba ciwo sosai ba, nauyi dai. Da ya ci abinci sai barci, har a shago. Yaya Asabe ta ce shawara ce, ta aiko da saiwa. Wani ya ce basir ne. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce in bincika, ƙila wani tela ne ke baƙin cikin cinikinsa. Duk wanda ya zo da tasa, kuma duk da ƙauna suke faɗa.

Idon kuma bai gyaru ba. A mako na bakwai ya ce yana ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a idonsa na hagu, in ya kai hannu ba komai. Ranar wata Laraba ya dawo gida tun kafin azahar, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye wata farar shadda a kan tabarma. Aikin wuya ne ya kwana uku yana yi, layin ya karkace, rabin zaren shuɗi ne mai duhu, rabi baƙi, bai gane ba sai da mai rigar ya nuna masa a gaban mutane. Ya zauna a gefen tabarmar.

"Maman Ummi," ya ce, "in idon nan ya tafi, me zan yi? Ban iya komai ba sai wannan."

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba tun da aka yi mana aure. Na ce masa Allah ba zai bari ba. Sannan na tashi na zuba masa zoɓo mai sanyi a babban kofi, don ya ji sanyi a ransa.

Ba mu jira wata biyun ya cika ba, muka koma. Wannan karon wani likita muka samu, babba, mai furfura, yana jin Hausa. Ya tura mu gwaji uku: na jini wanda ya ce yana tona asirin wata uku, da na kitsen jini, da hoton ciki. Kwana biyu muka yi muna zirga-zirga tsakanin ɗakin gwaji da wurin biya, ranar farko ma ba wuta. Da sakamako ya fito, ya ce sugan bai sauka yadda ake so ba, kitse ya yi yawa a jini, kuma hanta ta tara kitse, shi ne nauyin da Malam ke ji. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Hajiya, yana shan sukari?"

Na dafa ƙirji na ce, "Likita, ko ƙwaya. Kusan wata biyu ke nan ko ƙwayar sukari bai sha ba."

Gaskiya na faɗa, zan iya rantsuwa a kai. Likita ya sake duba takardun, sannan ya ce mu je ɗaki na ƙarshe mu ga Sista Rahila, ita ke zama da masu suga kan maganar abinci.

Sista Rahila 'yar Vimtim ce, nan kusa da Mubi, ta manyanta, ba ta da tsawo, ba ta da gaggawa. Hausarta irin ta nan ce, mace da namiji duk "kai" ne. Ba ta tambaye ni ko yana shan sukari ba. Cewa ta yi:

"Mama, faɗa mini abin da ya shiga bakinsa jiya. Fara daga safe."

Na fara lissafi da murna, kamar ɗalibar da ta yi haddarta. Koko da mazarƙwaila. Shayi da zuma. Fulas na zoɓo. Kunun aya da dabino bayan la'asar. Lemon kwali ɗaya da abincin yamma. Tana ji tana gyaɗa kai. Sai ta nuna fulas ɗin da ke cikin jakata, ta ce in zuba mata kaɗan. Ta kurɓa ta lumshe ido.

"Kai, hannunka yana da daɗi. Zuma nawa ka sa?"

"Ludayi biyu, wani lokaci uku."

"Yana shanye duka?"

"Ina tabbatarwa ya shanye."

Ta ajiye kofin. Ta jawo durowa ta ɗauko gyaɗa mai ɓawo, irin wadda take ɓarewa in aiki ya lafa. Ta ɗaga ɗaya.

"Mama, ba faɗa zan yi ba, ka ji. Sukari suna ne kawai. Jiki bai san suna ba, zaƙi ya sani. Ka ga gyaɗan nan? Farin sukari haka yake, 'ya'ya biyu cikin ɓawo ɗaya." Ta fasa, ƙwaya biyu suka faɗo a tafinta. "Wannan sunansa gulukos. Shi yana shiga jini kai tsaye, shi ne na'ura yake gani in an soki yatsa. Wannan kuma furuktos. Shi hanta yake tafiya. In kaɗan ne, hanta yana iya da shi. In ya zo da yawa lokaci ɗaya, kuma mutum yana da jiki kamar Baba, hanta yana juya shi kitse. Na'uran kemis ba ya ganin wannan."

Na ce, "To ai shi ya sa na bar sukarin, Sista. Zuma nake sa wa."

Ta jefar da ɓawon a kwando, ta miƙo mini ƙwayoyin biyu.

"Ga zuma. Su ne dai, ɓawo kawai babu. Mazarƙwaila sukari ne da bai yi wanka ba. Dabino in ka markaɗa guda ashirin, su ne. Lemon kwali ba a ƙara masa ba, gaskiya ne, amma da nasa ya zo, kuma na hanta ɗin yakan fi yawa a wasu. Lemon zaƙi nawa Baba zai iya ci a zama ɗaya? Ɗaya, biyu, ya gaji da tauna. Amma in an matse, zai sha biyar kafin ka rufe firij. Na tauna yana zuwa da dusansa, yana shiga a hankali. Na sha ba ya sallama."

Na tambaye ta lambar da ke sauka ranar Juma'a. Ta ce da safe ne muke gwadawa, bayan ya kwana bai ci komai ba, ga magani yana aiki. Da mun gwada da rana bayan fulas, da mun ga wani abu dabam. Malam ya ce a hankali, "Amma Sista, zuma waraka ce."

"Baba, ban musa ba. Mu ma a coci mun san darajan zuma. Amma wane magani ne ake sha lita biyu a rana?"

Malam ya yi 'yar dariya. Ni ban iya ba. Na ji kamar in nutse a kujerar. Na tuna takardar likitan farko, na faɗa mata. Ta ce in kawo. Washegari na zaro ta daga ƙarƙashin huluna na kai mata, ta karanta mini layi-layi. Lemon kwalba, lemon kwali, baƙin lemo, zuma, duk an rubuta a guje su. Wata biyu takardar tana kwance a ɗakina, ni ina can ina gwada zuma da ashana. Na yi kuka a gabanta, ta bar ni sai da na gama, sannan ta ce, "Ba kai ne na farko ba. Shi ya sa ba na tambayan sukari."

Maganar ido ta fi ƙarfin asibitinmu, aka tura mu Yola. Ɗan kunnena na zinariya ya tafi a wannan tafiyar. Yaya Asabe, wadda na kwana biyu ina jin haushinta a zuci, ta sayar da ragon da take kiwo ta kawo kuɗin a ƙulle a bakin zane, ta ce kada in kuskura in faɗa wa ƙaninta. Allah ya saka mata. Har yau dai ba ta yarda zuma ta yi laifi ba, ta ce yawanta ne, kuma a nan ba ta yi ƙarya ba.

A Yola aka ɗiga masa magani, aka haska cikin idon. Likitan ido ya ce ƙananan jijiyoyin bayan idon hagu sun yi yoyo, kuma ba aikin wata biyu ba ne, ciwon ya yi shekaru yana ci ba a sani ba. Za a yi wa na hagun aiki da haske don kada ya ƙara lalacewa, amma kada mu sa ran ya koma kamar da. Na dama kuwa bai yi nisa ba. In suga ya zauna, hazon da ke cikinsa zai iya washewa, in bai zauna ba zai bi ɗan'uwansa. Na ji maganar shekarun, amma ba ta shiga zuciyata ba. Abin da nake gani kawai shi ne fulas.

Da muka dawo, aikin farko da na yi shi ne bin masu jan murfi gida-gida. Huɗu na samu, na faɗa musu da bakina cewa abin da na sayar musu ba na masu suga ba ne. Wata ta gode, wata ta ce dama ta ga ya cika daɗi. Na biyar wani direba ne mai bin hanyar Gella, dogo, mai tabo a goshi, ban san sunansa ba, an ce ya koma wata hanya. In wannan rubutu ya kai ga wanda ya san shi, don Allah a faɗa masa ya daina, in ma wani wuri yake saye.

Watannin da suka biyo baya ba su da labari mai daɗin ji, aiki ne kawai. Fulas ya koma na ruwa. Zoɓo ina yi masa da citta da kanumfari, ba zaƙi ko kaɗan, ranar farko ya ce wannan ai rini ne. Lemon zaƙi ɗaya nake yanka masa ya ci da dusarsa. Tuwo ya ragu, miya da ganye suka ƙaru. Sista ta ce ya riƙa takawa, sai ya daina hawan napep, yana tafiya kasuwa da ƙafa, farko yana hutawa sau biyu a hanya. Mun yi faɗa, ba sau ɗaya ba. Ranar wani ɗaurin aure ya dawo yana kauce wa idona, na san ya sha lemo, ya san na sani, muka bar maganar. Masu dubiya kuma ba su daina kawo kwali ba. Na koyi karɓa da godiya in miƙa wa maƙwabta, don in ka ce wa mutum abin da ya kawo ba shi da kyau, ka yi abokin gaba.

Wata na biyu nauyin haƙarƙari ya tafi. Wata na uku na gan shi yana rage ƙugun wandon nan da ya buɗe. Gwajin tona asiri ya sauko, kitsen jini ma haka, likita mai furfura ya ce hanta tana sauƙi, a ci gaba, kada a saki magani. Idon hagu bai dawo ba. Yana ganin haske da motsi, kamar ta bayan labule, haka zai zauna. A shago ya koma ɗinkin keke da yankan kaya, aikin hannu kuwa sai manya-manyan layi, da allurai goma da nake zura masa.

Ban taɓa fashin allurar nan ba, ko ranar da nake zazzaɓi. Ban kuma taɓa buɗe baki na ce masa ya yafe mini ba. Na sha shirya maganar, in na zo gabansa sai ta maƙale. Sai in ɗauki soso in zauna in zura zare, in gyara tsawonsa, in ƙulla bakinsa, in jera su bi da bi yadda zai ɗauka ba tare da ya lalube ba.

Wata Asabar da safe na miƙa masa soson na koma kicin. Sai na tuna ban sa masa lemonsa a jaka ba, na dawo. Daga bakin zaure na hango shi zaune a wurin hasken nan. Ya zare zaren daga allura ɗaya cikin nawa. Ya lashi bakinsa, ya karkata kai ya ba idon dama gaba, ya ɗaga allurar. A karo ɗaya zaren ya wuce.

Lemon ya faɗi daga hannuna ya gangara har ƙafarsa. Ya ɗago ya gan ni.

"Malam, tun yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Yau kwana goma sha biyu."

"Kwana goma sha biyu kana gani, ka bar ni ina ta fama kullum safiya?"

"Na ga ba don ni kaɗai kike yi ba," ya ce.

Na zauna a ƙasa inda nake. Maganar da ta yi wata huɗu a maƙogwarona ta fito da kanta. Na ce, "Ni na ba ka. Da hannuna na cika fulas ɗin nan, har ina yi maka faɗa in ka rage. Ka yafe mini."

"Kin ba ni, na sha, na nemi ƙari. Kwalaben shekara ashirin kuma wa ya ɗura mini? Likitan Yola ya ce shekaru ne, ina zaune kina zaune. Ni na ji shi, ke ce ba ki ji ba." Ya ɗauki lemon ya goge a rigarsa. "Na yafe, in ma akwai abin yafewa. Share fuskarki, kada mai kawo ɗinki ya shigo ya ce duka nake yi."

Ya soke allurar a soso kusa da sauran tara, ya miƙe ya rataya fulas ɗin ruwansa. Da ya kai bakin ƙofa sai ya juyo.

"Gobe ki zura biyar," ya ce. "Ki bar mini biyar."